Hanyar Jirgin Da Ta Cinye Burtali

A Garin Illo, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Yekuwa da Guci, ba wanda ya taɓa jin Ɗantsoho ya kira Gidaɗo da sunansa, ko Gidaɗo ya kira shi da nasa. "Bawana" yake ce masa, shi ma Gidaɗo da "bawana" yake mayar masa. Ɗantsoho Babarbare ne, kakansa daga Barno ya fito, ko da yake shi in ka matsa masa ya yi maka Barbarci sai ya kama tari. Zanen fuska kawai ya gada. Gidaɗo kuwa Bafillatani ne mai garken shanu, yana kuma taɓa noma kaɗan a bayan rugarsa. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, irin wasan da ba a fushi a cikinsa, kuma waɗannan biyun sun riƙe shi kamar sana'a.

In suka haɗu a kasuwa, Ɗantsoho zai ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku riƙe mini bawan nan kada iska ta tafi da shi, ƙafa kamar sillen kara!"

Gidaɗo zai dogara da sandarsa ya ce, "Aradu ku dubi fuskar bawana. Ya ƙoshi da tuwo ya yi barci, kaji suka yi tono a kanta."

Sai a yi ta dariya, su kuma su nemi inuwa su raba goro ɗaya.

Ba wasan kaɗai ya haɗa su ba. Gonar Ɗantsoho cike take da itatuwan gawo manya-manya, waɗanda kakansa ya tarar ya bari. Gawo itace ne mai taurin kai. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinsa. Da rani kuma ya yi ganye ya zubo ƴaƴa, dabba ta samu inuwa da abinci. Tsofaffi na cewa a zamanin sarakunan Damagaram na da, wanda ya sa wa gawo gatari ya sa wa wuyansa. To da an kwashe hatsi, Gidaɗo kan koro shanunsa ya sauka a gonar nan. Shanu su ci kara da ƴaƴan gawo su bar taki, Ɗantsoho ya ba da ƴan dammunan hatsi, matan gidajen biyu su yi ta musayar nono da gari. Haka uban Gidaɗo ya yi da uban Ɗantsoho. Shi ya sa ko shekarar da maƙwabta ke kuka, Ɗantsoho ba ya ganin gindin rumbunsa.

Shanun kuwa hanya ɗaya gare su. Burtali ne da ya ratsa gonakin gari daga kudu zuwa arewa, an shinge shi da aguwa dama da hagu, ya bi ta kwarin da ke zuba ruwa cikin Tafkin Balbela. Ta nan garke ke fita arewa in shuka ta tsiro, ta nan yake dawowa da kaka, ta nan yake zuwa shan ruwa.

A wata damina, hatsi ya fara fitar da kai, sai ga wani Nasara ya iso da gardi masu jan hula da tafintansa, wani mai suna Maikuɗi, mutumin Magariya. Suka yi ta jan sarƙa cikin gonaki, Nasara na leƙa wani abu mai ƙafa uku, ana kafa turaku masu jan kai. Maikuɗi ya ce hanyar jirgin ƙasa za a yi. Ingilishi sun kai layin dogo har Nguru, Faransi ma za su ja nasu daga bakin iyaka zuwa Damagaram, a daina ɗora wa jakuna gyaɗa. Duk inda turaku suka bi, za a share faɗin jifa biyu, ba itace ba shuka.

Ɗantsoho ya je gona da safe ya tarar turakun sun bi ta tsakiyarta, sun jera da itatuwan gawonsa kamar da gangan. Ya tsaya ya dafa wanda ya fi girma, wanda aka binne cibiyarsa a gindinsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya koma gida bai ko taɓa furar da matarsa Saratu ta dama masa ba.

Washegari aka tara magidanta a ƙofar mai gari Halilu. Nasara ya zauna a kujerarsa yana korar ƙuda. Maikuɗi, wanda ke kiran Nasaran da Mushe, ya ce, "Mushe ya ce shi ba maɓarnaci ba ne. An umarce shi daga sama ya rage ɓarna. Rijiya, maƙabarta, gonar da ke da mai ita, in akwai inda za a kauce musu zai kauce. Amma a nuna masa wurin da babu mai shi, kuma miƙaƙƙe. Akwai mai magana?"

Duk wanda ke zaune a wurin ya san wuri ɗaya ne tak ya cika wannan sharaɗi, kuma duk sun san dalilin da ya sa ba a faɗa ba. Fulani suna arewa da shanunsu, ba ko ɗaya a taron. Ɗantsoho ya dubi ƙasa, ya dubi mai gari, ya tuna da gawonsa. Kada wani ya ce maka bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "akwai burtali."

Maikuɗi ya juya wa Nasara, Nasara ya yi tambaya, Maikuɗi ya juyo. "Ya ce wa ke noma shi?"

"Ba mai noma shi."

"Wa ke biya masa lampo, wato haraji?"

"Ba kowa."

"Mai gari, haka ne?"

Halilu yana da gona a layin turakun shi ma. Ya shafa gemu ya ce, "Haka ne." Sauran magidanta suka gyaɗa kai, har da waɗanda suka sha nonon rugar Gidaɗo suka girma. Nasara ya hau doki ya je ya duba, ya dawo yana murmushi. Wuri a share, a miƙe, ba sai an sare komai ba in ban da aguwa. Kafin la'asar an tuge turaku daga gonaki an mai da su burtali, har Nasara ya sa Maikuɗi ya yi wa Ɗantsoho godiya a bainar jama'a.

Ɗantsoho ya shiga gida yana cewa Allah ya rufa asiri. Saratu tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, shanun Gidaɗo kuma fiffike za su yi?"

"Shanu ba su rasa hanya. Daji faɗi gare shi."

"Wane dajin? Gonaki ne gabas da yamma. Magana dai zarar bunu ce, ka zare."

"Ke in an sare gawon nan me za ki tankaɗe?"

Wannan ma gaskiya ce, sai ta ci gaba da aikinta.

Da kaka aka fara aikin dole. Kowane gida ya ba da namiji. Aka tuge aguwar da kakanni suka dasa, aka shiga haƙa ramuka a gefe ana ɗibar ƙasa da kwanduna ana jibgewa a tsakiyar burtali, wai jirgi ba ya son kwari sai an yi masa tudu. Tudun ya yi ta tashi yana tsawo har mutane suka sa masa suna Ganuwa. Da aka iso kwarin da ke kai ruwa tafki, wani dattijo ya ce a bar wa ruwa ƙofa. Maikuɗi ya ce za a kawo bututun ƙarfe daga baya, a dai cike tukuna. Aka cike.

A cikin haka Gidaɗo ya dawo daga arewa ya tarar da gardi tsaye a bakin burtali. Suka ce dabbar da ta taka Ganuwa ta zama ta gwamnati. Da yake an riga an girbe, sai ya ratsa ta gonaki ya sauka inda ya saba. Ba wanda ya gaya masa yadda aka yi. Yaya za a gaya masa, alhali duk gari sun gyaɗa kai? Aka bar shi yana zaton Nasara ne ya zaɓa da kansa.

Ɗantsoho kan dawo daga aiki da yamma, kai duk jar ƙasa, ya tarar da Gidaɗo a gindin gawo.

"A'a! Bawana ya samu sabon ubangida bai gaya mini ba! Nawa Nasara ya saye ka? Aradu an cuce shi, ci ne da kai ba aiki."

"Rufe mini baki, mai warin man shanu. Kai in aka ɗora maka kwando ai biyu za ka karye."

Dariyar Ɗantsoho a baki kawai ta tsaya. Ranar da ta fi masa ciwo ita ce ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, gardi suka zo da bulala suna neman namijin gidan. Gidaɗo ya bar wa ƴaƴansa shanu ya ce shi zai je a madadinsa. Ya wuni yana ɗibar ƙasa yana binne hanyar shanunsa da hannunsa. Da ya dawo ya leƙa ɗakin ya ce, "Tashi, raggo. Yau ubangida ya yi wa bawa aiki. Duniya ta zo ƙarshe." Ɗantsoho ya juya fuska bango ya yi kamar barci yake. Ya so ya faɗa masa a ranar, amma ya ce bari dai ya ji sauƙi tukuna, da ya ji sauƙin kuma ya ce bari a gama aikin.

Ruwan farko ya tona komai. Ruwan da ya saba gangarowa ta kwari ya iso ya tarar da Ganuwa, ya tsaya, ya juya ya cika ramukan da aka haƙa, ya kwanta a ciki yana wari. Tafkin Balbela, wanda kan kai shanu har tsakiyar rani, bai samu abin da ya wuce idon sawu ba. Sauro ya yi yawa, yaran da ke wanka a ramukan suka fara kwana da zafin jiki. Wata karsanar Gidaɗo ta je shan ruwa, gefen rami ya rufta da ita, ba a fito da ita da rai ba.

Shuka ta tsiro, lokacin fita arewa ya yi. Gidaɗo ya tsaya da garkensa a bakin gari. Burtali an hana, gonaki an shuke. Ya lallaɓa da su ta kan iyakokin gonaki, shi da ƴaƴansa suna tarewa da sanduna, amma wa ya isa ya hana saniya ɗanyen hatsin da ke gaban hancinta? Suka ɓarnata gona uku. Masu gonakin suka fito da hauya da gatari, aka fasa wa babban ɗan Gidaɗo kai, aka jawo uban zuwa ƙofar mai gari. Maikuɗi na nan ranar, ya zo duba yadda Ganuwa ta ji da ruwa. Ɗantsoho ma yana cikin taron, a can baya.

Halilu ya yanke cewa Gidaɗo zai ba da bijiminsa, jan nan mai farin goshi, a biya masu gona. Gidaɗo bai yi gardama a kan bijimin ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na ji. Amma a gaya mini, ta ina zan bi? Ubana ta burtalin nan ya bi, ubansa ma haka. Da Nasara ya zo, duk garin nan ba a samu mutum ɗaya da zai ce masa hanyar shanu ce ba?"

Maikuɗi ya ƙyalƙyale da dariya. Shi ba mugunta ce ta sa shi ba, abin ne ya ba shi dariya, kuma wannan ya fi muni. "Kai Ɗan Fulani, Mushe ina ya san wani burtali? Ta gonaki ya ja layinsa. Ga wanda ya nuna masa can, har godiya aka yi masa. Tambayi abokin wasanka."

Gidaɗo ya juya a hankali. Mutane suka dare, ya zamana ba kowa tsakaninsa da Ɗantsoho. Ya dube shi, irin kallon da makiyayi ke yi wa dabbar da ya tarar cikin garkensa bai san ta ba. Ɗantsoho ya buɗe baki. Ya nemi wata ba'a da zai jefa, don duk tsawon rayuwarsu ba abin da ba'a ba ta gyara musu ba, amma ko ɗaya ba ta zo ba. Gidaɗo ya kwance igiyar da ke ɗamararsa, ya miƙa wa mai gari ya ce a ɗaure bijimin da ita, ya saɓa sandarsa ya tafi. Da kaka ta zo bai dawo ba. Aka ce ya tsallaka ƙasar Ingilishi da iyalinsa da abin da ya rage na shanu, sauran rugage kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Jirgin fa? Ko ƙusa ɗaya ba a kawo ba. Nasara suka shiga yaƙi da Jamus a can ƙasarsu, aka ce ƙarfe ya yi tsada, aka kira mai leƙa abu mai ƙafa uku ya tafi bai ko yi sallama ba. Bututun da Maikuɗi ya yi alkawari yana nan inda alkawarin irinsu ke zama. Gara ta cinye turaku. Ganuwa kuwa ta zauna daram, ruwa ya tsattsaga ta, ba ta zama hanyar jirgi ba, ba ta koma hanyar shanu ba. Mutane suka so su fasa ta a bakin kwari, mai gari ya ce kayan gwamnati ne, wanda ya taɓa ya san sauran. Kafin a samu mai ƙarfin halin taɓawa, yashi ya riga ya cike kwarin, tafki ya zama fili, rijiyar gari ta ƙara nisa har sai da aka ƙara wa guga igiya.

Itatuwan Ɗantsoho ko reshe ɗaya bai ɓata ba. Kowane rani suna yin ganye, suna zubo ƴaƴa jibgi, ƴan awakin gari su ci su bari, sauran su bushe a ƙasa. Hatsi na yin kyau a gindinsu, amma daga inda inuwa ta ƙare gona sai ta koma fara fat, ba taki, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe hatsi, ya kama ta. Ya ga gindin rumbunsa, ya kuma saba da ganinsa. Wannan bai dame shi kamar shirun ba. Mutanen gari, waɗanda suka gyaɗa kai tare da shi, yanzu in ana maganar tafki sai su ce ai Ɗantsoho ne. Bai taɓa musa musu ba. In ya zauna a gindin gawo da yamma, sai ya ji wata ba'a mai daɗi ta zo masa, ya juya, ba wanda zai gaya wa.

Bayan yaƙi ya ƙare aka buɗe iyakar da aka rufe saboda shi. Wata ranar kasuwar Guci, Ɗantsoho ya kai ƴar gyaɗarsa, sai ya hango wani dogo a wajen masu sai da kanwa, ya dogara da sanda, ƙafa ɗaya a kan gwiwa. Ko cikin mutum dubu ya san wannan tsayuwa. Ya bar gyaɗar a ƙasa, ya kutsa cikin mutane. Ya tattaro duk ƙarfinsa ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Jama'a, ku kama mini shi! Bawana ne da ya gudu! Ashe kana da rai, ɓarawon nono?"

Ƴan kasuwa suka juyo suna shirin dariya. Gidaɗo ya sauke ƙafarsa. Ya yi furfura, ya ƙara rama. Ya jingine sandar, ya miƙo hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Malam Ɗantsoho. Barka da kasuwa. Ina gajiya?"

"Wane irin Malam kuma? Ni ne fa, mai fuskar tonon kaji."

"Ya iyali? Ya Saratu da yara? Ya aka ji da damina?"

"Lafiya lau... Gidaɗo, gawon nan suna nan. Ƴaƴa har ruɓewa suke a ƙasa. Ka koro shanu bana, ka ji? Dammunan da za ka ce, zan ba ka."

"Allah ya saka da alheri, Malam. Ta wace hanya za su bi?"

Bai faɗe shi da gatse ba. Da da gatse ne da Ɗantsoho ya ji daɗi. Ya kama hannun rigar Gidaɗo ya rage murya. "Don Allah ka zage ni. Ka ce mini maci amana, ka ce mini duk abin da ka ga dama. Ko sandar nan ka ɗauka."

"Subhanallahi. Ni da zagin babban mutum? Ba a yi mini tarbiyya haka ba." Ya zare hannun rigarsa a hankali, ya ɗauki sandarsa da ƙullin kanwarsa. "A gaida mutan gida, Malam. Allah ya kai ka lafiya."

Ɗantsoho ya tsaya yana kallonsa har ya shige cikin masu awaki. Ya koma ya tarar da gyaɗarsa inda ya bar ta, ya ɗora wa jaki bai sayar ba. A hanya ya hau Ganuwa ya gangara, ya bi ta gefen busasshen tafki, ya ratsa gonarsa, ƴaƴan gawo na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin kofaton jaki.

Saratu tana ƙofar gida. Ta ga gyaɗa ta dawo, ta dubi fuskarsa. Ya ce mata ya ga Gidaɗo.

"Kun yi magana? Me ya ce maka?"

Ya sauke kayan, ya ɗaure jakin, ya daɗe yana gyara ƙullin da ba ya bukatar gyara.

"Ya kira ni da sunana," in ji shi.